Jar Allura da Masu Dubiyar 'Yardada

Duk wanda ya zauna a lungunan bayan Kasuwar Kurmi ya ce bai san 'Yardada ba, to ko dai bai taɓa ko ciwon kai ba, ko kuma ƙarya yake shararawa. Matar Malam Ilu baduku ce, mai ɗinkin jaka da kube a cikin Kurmi. In ka tambayi sana'arta za a ce maka kunun tsamiya take yi, ana aiko yara da kwano da safe. Wannan ta bakin mutane ce. Sana'arta ta gaskiya, wadda ta ba wa shekara talatin cur, ita ce dubiya.

Kada ku ɗauka irin dubiyar kowa ce, a leƙa a ce Allah ya sawwaƙe a fito. 'Yardada in ta ji an kwanta, kafin mai ciwo ya gama gyara matashi ta yi sallama, kwanon kunu a hannu, lemo uku ƙulle a bakin mayafi. Ba ta zama a tabarma, a bakin gado take zama. Ta dafa goshi, ta gwale ido ta duba, ta tambayi launin fitsari, ta faɗi sunan cutar, ta lissafo mutum huɗu da cutar ta kashe da biyu da suka sha. Daga nan sai gida na gaba, da labarin da ɗuminsa. An ce ta taɓa zuwa duba wani tela kwana biyu kafin ya kwanta. Mutumin yana kan keke yana ɗinki sai ga ta da kunu tana "sannu, ya jiki?" Jibi sai ga shi a kwance da shawara. Har yau danginsa ba su gama wanke ta ba.

Tana kuma da ma'auninta na daraja, wato takalman ƙofar ɗaki. In ta fito daga gidan mara lafiya abin da take fara faɗa shi ne, "Takalmi shida kacal, baiwar Allah. Kamar ba ta da kowa a garin nan." A wurinta, a kwanta ciwo a bar ƙofarka fayau ya fi ciwon ciwo.

Ba ta yawon nan ita kaɗai. Akwai aminiyarta Mero, ƙawarta tun suna 'yan mata, mace mai murya kamar a lasifika aka haife ta. Mero ce ke riƙe kunu, Mero ce ke cewa "ƙwarai kuwa" a ƙarshen kowace magana.

To ita wannan mai gane cutar kowa daga kallon ƙwayar ido, wata bakwai ta yi da ƙullutu a nononta na hagu ba ta gaya wa ko bangon ɗakinta ba. Sai da 'yarta Husaina, malamar firamare da ke aure a Ƙofar Ruwa, ta gan ta tana cije leɓe wajen sauke tukunya, ta tsare ta da tambaya, ta ja ta babban asibiti kamar mai jan akuya ranar kasuwa. Aka yi gwaji, aka ce daji ne. Aka yi aiki aka cire nonon. A hanyar dawowa gida 'Yardada ta kama hannun Husaina ta ce, "In na ji kalmar nan a bakin wani a lungun nan, ban yafe miki ba. Olsa ce. Aikin olsa aka yi mini."

Ta san abin da take gudu. Ita da kanta, in ta fito daga ɗakin mai ciwon daji, takan yi ƙasa da murya ta ce wa Mero, "Wannan sai dai addu'a." Kafin magariba rabin birni ya fara yi wa mutum kallon gawa.

Bayan rauni ya warke sai likita ta ce saura allura shida, ɗaya duk mako uku. Aka fara duba zuciyarta da na'ura, don an ce allurar ba ta shiri da zuciya mai rauni. Aka miƙa ta hannun wata nas doguwa, Sista Binta, wadda ba a taɓa ganin haƙorinta ba sai in tana hamma. Sunan maganin doksorubisin. 'Yardada ta gwada faɗa sau biyu harshenta ya harɗe, ta dubi sirinjin ta ga ruwa ja wur, ta ce, "Ku ce mini zobo kawai."

Sista ta sa safar hannu biyu, ta ɗaura rigar roba, kamar mai shirin kama maciji.

"Tsaya, 'yar nan," in ji 'Yardada. "Abin da ke ba kya so ya taɓa yatsanki, shi za ki ɗura mini a jini?"

"Shi ne, Inna. Aikinsa ya bi jini ya kashe ɓurɓushin dajin da wuƙa ba ta gani ba. Illarsa, ba ya bambance na gida da baƙo. Duk abin da ke saurin tsiro a jiki sai ya taɓa shi: gashi, fatar baki, har sojojin cikin jini masu tare miki cuta. A hankali zan tura shi ta cikin ƙarin ruwan nan, a hannun dama, ba ɓangaren da aka yi aiki ba. In kin ji zafi ko raɗaɗi a wurin, ki yi ihu, kada ki yi mini kawaici. In ya zubo wajen jijiya nama yake ci."

"Ihu kam na iya."

"To ga wanda ban sani ba ko kin iya. Daga kwana bakwai zuwa sha huɗu bayan kowace allura, sojojin nan suna ƙasa warwas. Murar da wani zai yi kwana biyu ya watsake, ke tana iya kai ki kabari. A kwanakin nan ba taro, ba musabaha, ba shan ludayi ɗaya da kowa, ba ɗanyen ganye, ba jiƙe-jiƙe. Ga ma'aunin zafin jiki. In ya kai talatin da takwas, ba a shan maganin zazzaɓi a kwanta, ba a jiran gari ya waye. A kawo ki nan take. In kuma jininki bai dawo daidai ba, ba za mu yi allura ta gaba a kan lokaci ba, shi kuwa dajin ba ya jiran kowa."

'Yardada ta ce to. Irin to ɗin da ake ce wa mai wa'azin bakin kasuwa.

Allurar ba ta ɓata lokaci ba. Da yamma, matar da ta shekara talatin tana tambayar launin fitsarin mutane ta shiga bayi ta ga nata ja jawur, ta ƙwalla salatin da ya sa Malam Ilu ya bar alwala da ƙafa ɗaya a wanke. Husaina ta tuna mata Sista ta ce launin maganin ne, kwana ɗaya biyu zai wuce, a dai riƙa kora bayin da ruwa sosai, a wanke kayanta daban. Sai amai. Ko daddawa aka ambata a gida na uku sai ta nemi kwano. Kunun da ta yi suna da shi, ƙamshinsa ya zama abokin gaba. Bakinta ya yi gyambo, kwana huɗu tana kurkure da ruwan gishiri ba ta iya magana, lungu ya yi tsit har mutane suka gano ashe ana jin kiran sallar wani masallaci da ba su taɓa ji ba. Farce ya yi baƙi, ta rufe shi da lalle. A mako na uku ta tashi ta ga kitsonta a kan matashi, jere, kamar an ajiye mata tsaraba. Wannan ne kaɗai ya sa ta kuka. Da ta gama, sai ta tattaro auduga da tsofaffin safar Malam ta cusa cikin ɗankwali, ta ɗaura ɗauri mai tudu, wanda ya gani ya rantse shuku ne a ciki.

Allura ta ɗaya da ta biyu an wuce lafiya, don Husaina ta dawo gida jinya ta zama ƙofa. In makon haɗari ya zo, duk wadda ta yi sallama sai ta ji "barci take" ko "yanzu ta sha magani." Mutane kuma suna da kasuwa da makaranta da biki, ba wanda ya matsa.

Allura ta uku ranar wata Juma'a aka yi ta. Juma'ar da ta zagayo, Husaina ta ce bari ta leƙa Ƙofar Ruwa ta ga yaranta ta dawo kafin magariba. Ita ce Juma'ar nan da Kano ba za ta manta ba, ni ma ba zan yi wasa da ita ba. Bayan la'asar aka ji ƙarar bom ta farko, ƙyauren ɗaki ya girgiza, ƙasa ta zubo daga rufi. Aka ji ta biyu, aka ji harbi, hayaƙi ya tashi ta wajen gari. An rasa mutane da yawa a ranar, har da waɗanda suka fita neman abin miya. Kafin dare aka sa dokar hana fita, ba dare ba rana. Husaina ta maƙale a Ƙofar Ruwa.

Ga abin da masu doka ba su lissafa ba. Soja yana kan kwalta, amma motarsa ba ta shiga lungun da jaki biyu ba sa giftawa. A cikin birni kana iya bi ta lungu da zaure ka zaga unguwa uku ba ka taka titi ba. Ranar Asabar ba kasuwa, ba makaranta, ba biki, kowa yana gida da tsoro a ciki, kuma mai tsoro ba ya son zama shi kaɗai. Sai matan unguwa suka tuna akwai mara lafiya. Ba kuma kowace mara lafiya ba, wadda ta zauna a bakin gadon uwar kowa da kakar kowa. Ranar ramuwa ta zo. Kwana na takwas kenan da allura.

Husaina ta kira ubanta a waya tana haɗa shi da Allah. "Baba, ka zauna a zaure. Kada ka bar kowa ya shiga, ko waye."

Malam Ilu ya shimfiɗa buzu a zaure ya haɗe rai. Mace ta farko ta yi sallama.

"Malam, ya mai jiki?"

"Da sauƙi. Sai dai ita likitar ta ce..."

"Allah ya ƙara sauƙi."

Ta wuce. To me zai yi? Dattijo ne, matar wani ce, ba zai kama mata mayafi ba, ko ido ba zai ɗaga ya kalle ta ba. Har tanƙwashe ƙafa ya yi don ta samu hanya. Kafin azahar Malam Ilu ya tanƙwashe ƙafa sau arba'in, ya gaji, ya koma lungun zaure ya ja carbi.

Ɗakin 'Yardada taga ɗaya gare shi, ita ma faɗin faranti. Mata suka cika tabarma, suka cika bakin gado, wasu a tsaye a jikin kabad ɗin kwanuka. Ita tana can ƙuryar gado, bayanta a bango, ba gaba ba baya. Ta ƙasan asabari tana hango takalma sun yi tsibi har bakin rijiya. Rabin zuciyarta yana ƙirgawa yana murna, rabi yana jin muryar Sista Binta.

Duk abin da ta koya musu shi suka yi mata, ba su rage ko ɗaya ba. Kowace ta miƙo hannu aka gaisa. Kowace ta dafa goshi. Wata ta gwale mata ido. Wata ta lissafo mutum huɗu da olsa ta kashe. Wata tsohuwa ta karanta addu'a ta tofa mata a fuska sau uku, tofi mai yayyafi. Wata ta ɗora mata jariri mai majina har leɓe ta ce, "Gwaggo, sa masa albarka." Ga kwaɗon zogale, ga fura a ƙwarya, ludayi ɗaya yana zagaye ɗaki.

Sai ga Mero, ido ja, hanci na zuba, tana atishawa kamar ana fasa itace. Ta ture mutane ta zauna a bakin gado, gwiwa da gwiwa.

"Aminiya, mura ta kayar da ni tun shekaranjiya, amma na ce ko da rarrafe sai na zo. A ce gari ya rikice haka ban ga idonki ba?"

Ta kurɓi fura ta ji ko akwai sukari, ta sake cika ludayin, ta kai bakin 'Yardada.

Kalma uku ce kawai: ku fita waje. Tana nan a kan harshenta. Amma in ta faɗa sai an ce don me, in ta ce don me sai ta ambaci sunan abin, in ta ambata kuwa ta san hanyar da labari yake bi, tunda ita ta share hanyar. Ta ga kanta ana fita daga ɗakinta ana yin ƙasa da murya. In kuma ta kore su ba dalili, gobe a ce 'Yardada da ta shiga ɗakin kowa ta hana a shiga nata. Ta dubi ludayi, ta dubi hancin Mero. Ta buɗe baki ta sha.

Ranar Lahadi aka sassauta doka, aka ce a fita da rana, magariba kowa ya shige. Husaina ta iso da rana tsaka ta tarar da takalma, ta tsaya a ƙofar ɗaki ta ce duk a tashi mara lafiya za ta kwanta. Aka fita ana "'yar boko ba kunya." Litinin lafiya lau, har 'Yardada ta fara cewa ai Sista tsoratarwa ce irin ta ma'aikata. Talata bayan la'asar sanyi ya kama ta, haƙora suna haɗuwa, gado yana rawa da ita. Husaina ta sa ma'auni. Talatin da tara saura kaɗan.

Mero, da ta saɗaɗo ta wuce Malam kamar kullum, ta kwance bakin zane ta fito da farasitamol.

"Ta sha biyu a lulluɓe ta da bargo, gumi ya karyo. Da safe a je. Yanzu wa zai fita? Saura awa ɗaya da 'yan mintoci a rufe gari."

"Inna Mero, mayar da shi. Wannan rufe zazzaɓin zai yi, abin yana ci ta ciki."

"Zazzaɓi dai? Yau aka fara zazzaɓi a duniya?"

Husaina ta kira Sista Binta a waya. Ko daga bakin ƙofa ana jin muryar: "Ku taho yanzu. Yanzu na ce."

To da me? Mota ba ta shiga lungun. Ɗan acaɓa ba zai ɗauki wadda ba ta iya zama ba. Malam Ilu ya fita ba hula, ya dawo da Gwadabe, wani ɗan dako na Kurmi, magidanci mutumin ƙauye da ke kwana a wani zaure a unguwar. Shekarun baya buhu ya faɗo masa ya karya ƙafa, ya yi wata biyu a kwance, kuma takalmi ɗaya ne ya riƙa zuwa ƙofarsa kullum da kunu. Da ya ji ko wace ce, bai tambayi komai ba, ya juye albasar da ke cikin baronsa a ƙasa.

Aka shimfiɗa bargo aka ɗora ta. 'Yardada, da ba ta taɓa bin lungun nan ba sai da taƙama, ta bi shi a baro ƙafafu na reto, hannu ɗaya dafe da ɗankwali. A titi 'yan adaidaita sahu suna wucewa kamar an koro su, ba mai tsayawa. Gwadabe ya ce a bar su, ya sunkuyar da kai ya tura. Husaina na gefe da katin asibiti, Malam Ilu na haki, Mero can baya da takalmanta a hannu tana atishawa. Haka har Ƙofar Ɗan Agundi, rana ta yi ja.

A nan akwai shinge, buhunan yashi da sojoji. Kowa sai ya ɗaga hannu sama kafin ya matso. Gwadabe ya ajiye baro ya ɗaga. 'Yardada ta ɗaga na dama, na hagu ya tsaya a kafaɗa, tun aikin bai ƙara wuce nan ba. Wani soja mai gurguwar Hausa ya daka tsawa, ya nuna bargo, aka yaye. Ya nuna ɗaurin kanta mai tudu.

"Mama, mene ne a ciki?"

A kwanakin nan ba a ganin laifin mai tambaya irin wannan. Husaina ta fara bayani tana miƙa kati. 'Yardada, da zazzaɓi ya riga ya cinye mata kunya, ta kai hannu ta fizge ɗankwalin. Auduga ta zubo, safar Malam guda uku suka faɗo kan kwalta. Kai fes, kamar ƙwarya sabuwar fafewa.

Sojan ya dubi kati, ya dubi kan. Ya ce, "Sannu, Mama." Ya tare wata mota ta ma'aikacin asibiti da ke tafiya aikin dare, aka sa ta a baya ita da Husaina. Da motar ta tashi, 'Yardada ta waiga ta ga Mero tsaye a bakin shinge, baki buɗe, tana kallonta.

Kwana biyar ta yi a wani ɗan ɗaki ita kaɗai, ana ɗura mata maganin kashe ƙwayoyin cuta ta jijiya, ba mai shiga sai da takunkumi a fuska. Ƙofar ɗakin ko silifa ɗaya babu. Kwana biyun farko ba ta san inda take ba. Sauran ukun ta yi su tana kallon silin tana lissafin inda labarin kanta ya kai: yau ya wuce Jakara, gobe yana Ƙofar Ruwa. Allura ta huɗu aka ɗaga ta da kwana goma, don jini bai kai ba. Ranar da aka yi ta, Sista Binta ta zauna a bakin gado, abin da ba ta taɓa yi ba.

"Inna, da kun kwana a gida ran nan, da ba mu yi wannan hirar ba. Saura biyu bayan wannan. In aka sake irin ta ran nan, ko dai mu dakatar da maganin dajin ya samu fili, ko kuma baron ya iso a makare. Husaina ba za ta iya tsare miki ƙofa kullum ba. Ke za ki tsare."

Da ta dawo gida abin mamaki ya same ta: ba wanda ya san komai. Ana ta yi mata jajen olsa ta tashi. Mero, wadda ba ta taɓa kwana da labari a ciki ba, ta haɗiye wannan, kuma ta ɗauke ƙafa, ko leƙe.

Kwana na bakwai da allura ta huɗu ya zo, ranar Husaina tana makaranta. Wanda ya kwanta asibiti kuwa dubiyarsa sabuwa ce fil. Da hantsi 'Yardada ta ji sallama a zaure, ta ji Malam yana "sai dai ita likitar ta ce," ta ji takun mata ya cika tsakar gida. Ta dubi tagar nan mai faɗin faranti, ba ta fita ta nan. Ta sauko daga gado da ƙyar, ta dafa bango, ta isa ƙofa daidai lokacin da ta gaba take cire takalmi.

"Ku tsaya nan."

Aka tsaya, ana duban juna.

"Kada wadda ta cire takalmi. Ba olsa ba ce. Daji ne, an cire mini nono, ana yi mini wata allura. Ga aikinta." Ta zare ɗankwali. "Allurar tana kashe abin da ke tare mini cuta. Numfashinku ma a makon nan yana iya kashe ni, saura ƙiris ran nan ya kashe. Wadda take ƙaunata ta gaishe ni daga bakin rijiya. Wadda za ta fita ta ce sai dai addu'a, ta je ta ce, ni na koya mata."

Wata ta fara matsar ƙwalla, ta yunƙuro za ta rungume ta. Sai aka ji murya daga zaure kamar an kunna lasifika.

"Ke! Ba ki ji abin da aka ce ba? Koma baya!"

Mero ce, da kujera 'yar tsugunno a hannu. Ta ratsa mata ta dasa kujerar taku biyar daga ƙofar ɗaki, ta zauna ta ba 'Yardada baya.

"Na gani tun Ɗan Agundi," ta ce, ba ta waigo ba. "Ina jira ki faɗa da bakinki. Ni da na ba ki fura da hancina yana zuba, da wane ido zan shigo? Shiga ki kwanta, kan nan naki yana kashe mana ido."

Tun daga ranar aka samu sabon shinge a birni, kuma na Ɗan Agundi wasa ne a kansa. Mero ba ta tambayar kati. In ka yi tari a zaure, daga nan za ka juya. Mai lafiya ta tsaya bakin rijiya ta ɗaga murya, "Gwaggo, ya jiki?" a amsa mata daga bayan asabari. Kwano a ajiye, Mero ta buɗe, in ɗanyen ganye ne ta ce an gode ta cinye. Wasu sun yi fushi, wasu sun yi ƙasa da murya a lungu kamar yadda aka zata. Labari ya kai Ƙofar Ruwa kafin la'asar.

Ita kuwa tana ciki, ita da bango huɗu da tagar faranti, ƙofarta fayau ba takalmi ko ɗaya. Abin da ya fi cin ranta ba amai ba ne, ba gyambon baki ba. A makon ne matar mai unguwa ta kwanta, gida huɗu kacal tsakani, 'Yardada tana jin wucewar masu dubiya ta bayan ɗakinta. Ta aiki Mero, ta dawo, aka yi bincike ta asabari.

"Kin duba idonta?"

"Na ce mata sannu."

"Sannu kawai? Takalmi nawa a ƙofa?"

"Ban ƙirga ba."

"Shekara talatin kina bina, Mero, ashe kunu kawai kike riƙewa."

Ranar allura ta biyar aka ɗebi jini da safe, suka zauna jiran takarda. Sista Binta ta fito tana dubawa, ta ce, "Jini ya kai," ta juya ta fara sa safar hannu. Husaina ta rantse ta ga haƙorin Sista, amma ba ta da shaida. 'Yardada ta miƙa hannun dama, jan ruwan ya fara tafiya a hankali. A gadon da ke can gefe akwai wata sabuwar zuwa, yarinyar mace da kitsonta cif, tana kallon sirinjin kamar za ta gudu. 'Yardada ta auna nisan da ke tsakaninsu da ido, ta ga ya isa, ta gyara murya.

"Sannu, 'yar nan. Ta farko ce? To in kin shiga bayi yau kada ki yi ihu. Kuma a gidanku wa yake tsare ƙofa?"